Waya, kafasita, batir na biyu ko altaneta: wanne zaka fara saya in kana son kiɗa mai nauyi a mota?

Duk wanda ya ɗaura babban amfilifaya da ufa, wato sifikar bas, a but ɗin motarsa ya san abun nan, da daddare kana tafe bas na bugawa fitilar gaba tana lumshewa tana dawowa, wani lokacin har hasken dashbod ma, in ka ƙara murya kaɗan sai amfilifayan ya ɗauke ya kunna jar fitila sai ka kashe ka sake kunnawa. To daga nan ne shawara take yawa. A nan Kumasi, a Aboabo wani zai ce maka je ka sayi kafasita, a Asawase wani yace batir na biyu ne maganin, ka shiga Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota, mai wayarin yace kawo altanetan a sake naɗa maka shi, shi kuwa wanda ya sayar maka da kayan tun farko cewa zai yi amfilifayan ne yayi ƙarami ka ƙaro wani. Kowa da ɗan gefen gaskiyarsa amma kuɗin ba ɗaya bane kuma aikin da kowanne ke yi ba ɗaya bane, ni dai a ganina mafi yawan 'yan uwanmu daga ƙarshe suke farawa, su kashe kuɗi a kan abu mai ƙyalli da ake gani su bar waya da fiyus da suke ɓoye a ƙarƙashin kafet, alhali can matsalar take.

Kafin ka sayi komai ka fara sanin wutar da kayanka ke ci. Ka manta da 3000W ko 5000W ɗin da aka rubuta da manyan baƙi a jikin kwali, RMS ake dubawa, wato ainihin ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai, in kuma ba a rubuta ba to leƙa gefen amfilifayan ka ƙirga fiyus ɗinsa. In fiyus biyu ne masu amfiya 30, jimla 60 kenan, ka ninka da 14V ya baka wat 840, ka cire abinda ke tafiya a zafi, abinda zai kai sifika bai wuce wat 600 da wani abu ba ko me kwalin ya faɗa. Amfilifaya mai Class D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja zuwa sauti, mai Class AB kuwa tsakanin kashi 50 zuwa 60 ne, sauran zafi ne. Saboda haka wat 1000 na gaskiya a Class D yana jan kusan amfiya 90 in ka buɗe shi gaba ɗaya, a Class AB ya haura 120. Yanzu kwatanta da altanetan da motarka ta zo da shi, ƙananan motocin da suka cika titin Kumasi irinsu Vitz da Picanto da i10 nasu na wajajen amfiya 70 zuwa 90 ne, Corolla wajajen 80 zuwa 100, kuma motar kanta da esi da fitila da fankar lagireto da famfon mai sun riga sun kwashe rabi ko fiye. Kaga ragowar ba yawa. Abinda ke ceton mutane shine kiɗa baya jan cikakken ƙarfi kowane lokaci, bugu ne da hutu, mai jin hailaif ko wa'azi ko karatun Alƙur'ani ba ɗaya yake da mai jin asakaa ko amapiano da bas ɗinsu ke jan dogon numfashi ba.

Na biyu ka nemi mitar awon wuta, ko aro ne a wajen mai wayarin, minti goma ya ishe ka. Mota a kashe batir mai lafiya cikakke zai nuna 12.6V, in kaga 12.2V rabi ne ya rage a cikinsa. Ka tada inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.4V. Sai ka kunna kiɗa yadda ka saba ji, ka auna a kan batir, ka zagaya but ka auna a bakin amfilifaya daidai inda waya ta shiga. In a kan batir yana nan wajen 14V amma a but yana faɗuwa da fiye da rabin V duk sanda bas ya buga, waya ce ko giraun, wato wayar nagetif da ake ɗaurewa a jikin mota, ba ruwan altaneta. In kuma dukkansu biyun suna zubewa ƙasa da 13V tare, to wutar ce bata isa tun daga tushe. Wannan ɗan awon shi zai gaya maka layin da zaka bi, kuma wallahi mutane da yawa da sun yi shi da basu sayi rabin abinda suka saya ba.

To mu zo kan waya, nan ne zan daɗe don nan aka fi cutar mutane. Iri biyu ce a kasuwa, akwai kofa zalla wato jan ƙarfe, ita ake rubuta wa OFC, akwai kuma CCA wadda alminiyam ce aka yi mata fatar kofa siririya a sama. A ido duk ja ne, robar ma sau da yawa ta CCA ɗin ta fi kyau da sheƙi, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, shi yasa kit ɗin da ake haɗa maka kyauta ko a ɗan kuɗi kaɗan in ka sayi amfilifaya kusan kullum ita ce a ciki. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari na wutar da kofa ke ɗauka yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya. A lissafi, daga bonet zuwa but kamar mita 5 ne a salun, geji 4 ta kofa (geji lambar kaurin waya ce, ƙaramar lamba ita tafi kauri) da amfiya 90 a kanta zata zubar da kusan 0.37V a hanya, geji 4 ta CCA kusan 0.57V, wanda ya riga ya haura iyakar da ake so tun ba a ƙara asarar fiyus da mahaɗai ba. Wannan fa in da gaske geji 4 ɗin ce. Abinda yafi ciwo shine wadda aka rubuta wa geji 4 amma roba ce tayi kauri, ka yanka ka ga zaren cikin bai wuce na geji 8 ba, irin wannan a amfiya 90 zata cinye maka kusan 1.4V kuma ta riƙa fitar da zafi sama da wat 100 a ƙarƙashin kafet ɗin da yaranka ke taka wa.

Gane ta ba wuya. Kace wa mai shago ya baka bakin wayar, ka zaro zare ɗaya ka kankare shi da wuƙa ko reza, kofa ja ce har ciki, CCA kuwa kana kankarewa fari zai fito fes kamar cikin tukunyar alminiyam. Ko ka kalli inda aka yanke da kyau a rana, zaka ga ɗigo-ɗigo farare a tsakiyar kowane zare. Ka sa mata ashana, zaren kofa zai yi ja ya tsaya da ƙarfinsa, na CCA zai lanƙwashe ya zube nan take. A hannu ma ana ji, nauyin CCA bai kai rabin na kofa ba. Mai shagon da ya hana ka kankare zare ɗaya ka bar masa kayansa.

Ban ce CCA bata da amfani sam ba. In aljihu ya matse, kuma kayanka basu wuce wat 500 ba, zaka iya sa CCA amma ka hau sama a kauri, inda kofa geji 8 zata isa ka sa CCA geji 4, inda kofa geji 4 zata isa ka sa CCA geji 0, kuma fiyus ɗin ya zama daidai da CCA ba da lambar da ke jikin roba ba. Sai dai ga damuwata da ita a garin nan, Kumasi damina biyu muke yi a shekara kuma iskar da danshi, alminiyam da zarar ruwa ya shiga bakinsa sai ya fara yin farin gari, mahaɗin ya saki, ya fara zafi, kuma zarenta na karyewa da girgiza fiye da kofa, ga hanyoyin cikin unguwa da ramuka. A cikin ɗakin mota zata iya daɗewa, amma a cikin bonet kusa da inji ni bana ba kowa shawarar CCA ko ɗan uwana ne ko baƙo.

Akwai hanya ta uku da masu wayarin na Magazin suka daɗe da sani, wayar walda. Kofa ce mai zare sirara da yawa, tana lanƙwasuwa, robarta na jure zafi da mai, kuma da milimita ake sayar da ita ba geji ba. Geji 8 kamar 8mm² ne, geji 4 kamar 21, geji 2 kamar 34, geji 0 kamar 53, kenan wayar walda mai 25 ta ɗan fi geji 4, mai 50 ta kusa geji 0. Bata da kyan gani, yawanci baƙa ce, to ka naɗa jan tef a bakin ta fozitif don kar wani ya rikice gobe. Ita ma ka kankare ta fa, don yanzu har a wayar walda akwai ta alminiyam. Abinda bazaka sa ba shine wayar gida mai taurin nan ta cikin bango, ba don girgiza da zafin inji aka yi ta ba.

Fiyus kuwa ba zaɓi bane balle a kwatanta shi da wani abu. Aikinsa kare waya ne ba amfilifaya ba, shi yasa ake sa shi dab da batir, kar ya wuce santimita 45, in ya fi haka kusa ma yafi. Geji 4 ta kofa fiyus ɗinta kar ya haura 125 zuwa 150, ta CCA wajen 100, geji 0 ta kofa 250 zuwa 300, kuma in kayanka basa jan haka ka sa ƙarami. Inda waya ke ratsa ƙarfen da ya raba inji da ɗaki dole a sa mata zoben roba, don bakin ƙarfen nan a hankali yake cin roba har ranar da zai taɓa zare, batirin mota kuma in aka haɗa shi kai tsaye da jiki ɗaruruwan amfiya yake turowa, waya tayi ja cikin daƙiƙu. Dan Allah in fiyus ya ƙone kar ka bari yaron masta ya naɗa masa zaren waya yace muje zuwa, ka nemi dalilin ƙonewar.

Daga waya sai abinda ake kira Big 3, wayoyi uku ne gajeru a cikin bonet, ɗaya daga fozitif na altaneta zuwa fozitif na batir, ɗaya daga nagetif na batir zuwa shasi, ɗaya daga jikin inji zuwa shasi. Ba cire na kamfani ake yi ba, ƙara masu kauri ake yi a gefensu, ta fozitif ɗin kuma a sa mata fiyus. Mutane suna mantawa wuta sai ta koma inda ta fito, ka ja geji 0 har but amma hanyar dawowarta siririyar wayar nan ce da kamfani ya sa wa nagetif, wadda a motar hom yus, wato wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita, mai shekara goma sha wani abu ta riga tayi kore. Big 3 baya ƙara ko amfiya ɗaya a kan abinda altaneta ke bayarwa, amma yana hana wanda ake da shi zubewa, kuma cikin duk abubuwan nan shi yafi araha. Wajen giraun ɗin but a kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure da noti da wosha, wayar ta zama gajera kuma kaurinta ɗaya da ta fozitif, a shafa ɗan giris a sama saboda tsatsa. Kan wayar a matse shi da tamina ta kofa, ba a murɗa zare a cusa ƙarƙashin noti ba. Abu ɗaya da za a kula, sabbin motoci da yawa suna da ɗan sensa a kan nagetif na batir wanda kwamfutar mota ke auna caji da shi, in aka tsallake shi da sabuwar waya cajin zai rikice, to ka nuna wa masta shi tun kafin ya fara, kace Masta dan Allah giraun ɗin ya bi ta bayan sensa.

Yanzu sauran ukun. Altaneta shine rijiya, batir randa ce, kafasita moɗa, in rijiya bata kawo ruwa ko randa nawa ka jera zasu ƙafe.

Kafasita bazan ɓata lokaci a kanta ba. Mai farad 1 in wuta ta sauka daga 14.4V zuwa 12V abinda zata iya bayarwa a amfiya 90 bai kai kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa ba, daga nan ita ma ta koma layin masu jiran altaneta. Tana ɗan rage lumshewar fitila in matsalar ƙarama ce, tana da lambobi masu haske da ke burge mutane in an buɗe but, iyakarta kenan. Kuɗinta in ka zuba su a kofa sun fi maka.

Tsakanin batir na biyu da babban altaneta ne zaɓin gaske yake, kuma ya danganta da yadda kake amfani da motar. In kai mai faka mota ne a buɗe but a wajen biki ko suna ko ranar sallah, ko motar da ake ɗaura wa lasifika don sanarwar mauludi ko wa'azi a tsaya awa biyu inji a kashe, batir na biyu kake buƙata, babban altaneta bazai maka komai ba tunda baya juyawa. Ka nemi batir irin AGM, shi a rufe yake baya zubar da ruwan batir kuma yafi jure a sauke shi a sake cikawa, batirin ruwa na gama gari yana fitar da iskar haidirojin in yana caji, a mota irin Vitz da but ɗinta da ɗaki duk ɗaya ne wannan ba abun wasa bane. A sa masa aisoleta tsakaninsa da na gaba don in kiɗa ya shanye na baya na gaba ya tada maka mota, a ɗaure shi kam, kuma wayar da ta haɗa su fiyus biyu take so, ɗaya a kowane baki, tunda wuta na iya fitowa ta ko'ina. Amma ka sani in inji na aiki batir baya bada komai sai wuta ta faɗo ƙasa da 13V, kafin nan shi ma ci yake yi, kenan ka ƙara wa ƙaramin altanetanka baki ɗaya da zai ciyar. Na litiyam mai LiFePO4 yafi sauƙin nauyi kuma yana riƙe wuta da kyau, amma yana da tsada, dole sai da BMS mai kyau, wato na'urar da ke kula da cajinsa, baya son zafin bonet, kuma yana zuƙar caji da ƙarfin da zai iya gasa ƙaramin altaneta, wannan na waɗanda suka yi nisa ne.

In kuwa kiɗanka a kan hanya kake jinsa, kuma mita ta nuna wuta na zubewa tun daga kan batir bayan an gyara waya da Big 3, altaneta ne ba makawa. Hanya uku ce nan ma. Sake naɗi a Magazin shi yafi sauƙin kuɗi kuma yana komawa mazauninsa ba gyaran biraket, sai dai gidan altanetan da dayod ɗinsa da fankarsa duk na ƙaramin ne, in ba a canja dayod ba su ke fara ƙonewa, kuma sau da yawa abinda aka ƙara a gudu a silo, wato sanda inji ke juyawa mota na tsaye, ake rage shi. Wannan maganar silo ɗin babba ce a wajenmu, kowane altaneta a silo baya bada cikakken abinda aka rubuta masa, wanda kuma ya taɓa maƙalewa a trafik na zagayen Suame ko Anloga Junction da yamma, esi a kunne fitila a kunne, ya san rabin tafiyar a silo ake yinta. Hanya ta biyu hom yus na babbar mota daga kamfani ɗaya, mai amfiya 120 zuwa 150, ni ita nafi so ga yawancin mutane don abu ne da aka ƙera shi haka tun asali, amma sai an duba biraket da fuli da layin fanbel da soket ɗin ragileta, musamman in kwamfutar mota ce ke juya cajin. Ta uku sabon altaneta na musamman mai 200 zuwa sama da ake odarsa daga waje, shi ne na masu wat 2000, ka tambayi abinda yake bayarwa a silo kafin ka biya. Kuma ka tuna wutar nan daga inji take fitowa, amfiya 200 a 14V wat 2800 ne, altaneta kuma kusan rabin abinda ya karɓa ne yake mayarwa wuta, kenan ƙarfin doki bakwai zuwa takwas zai ƙwace, a Matiz mai doki 50 da kaɗan zaka ji shi a ƙafarka kuma zaka ji shi a gidan mai, fanbel ma zai fara kuka.

Saboda haka in kayanka basu wuce wat 500 RMS ba, wato wajen amfiya 45, kofa geji 4 da fiyus da giraun mai kyau da batir mai lafiya sun gama maka, geji 8 ta gaskiya ma zata iya in tafiyar gajera ce amma na fi son 4 don gobe zaka so ƙari. Daga 500 zuwa 1000 ka ƙara Big 3, in batirin gaba ya tsufa ka canja shi, ka sake aunawa kafin ka taɓa altaneta, a Corolla ko Camry sau da yawa iya nan ya isa in ba kullum kake ƙure murya ba. Daga 1000 zuwa 2000 geji 0 ce da Big 3 da babban altaneta, AGM ya biyo baya. Mai ƙaramar mota mai injin lita ɗaya, musamman mai tasi da motar ce abincinsa, ni shawarata ya tsaya a 500 zuwa 600 a Class D da ufa guda mai akwati da aka yi shi daidai, zai ji bas har ƙirjinsa kuma da asuba motar zata tashi. Ranar aikin ka tsaya a wajen da kanka, a fara cire nagetif na batir kafin a taɓa komai, wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota wayar RCA mai ɗauko sauti zuwa amfilifaya ta bi ɗaya gefen don kar kukan altaneta ya shiga sifika, fiyus ɗin kuma sai an gama ɗaure komai an duba sannan a sa shi.